Turaren Gogo a Gidan Na'urori

Unguwar Al-Sulay,
Birnin Riyad,
Ƙasar Saudiyya.

Zuwa ga Yayata Sabuwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa irin ta ƙane ga yayar da ta goya shi, ta kuma dake shi lokacin da ya cancanta, tare da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Dalhatu da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan, ya sanya albarka a abin da aka noma bana, ya tsare Haɗejiya daga ambaliya. Mu nan lafiya lau muke. Matata Bilƙisu ta rabu da ciwon haƙorin da ya hana ta sakat, har ta koma faɗanta na kullum, wanda shi ne alamar lafiya a wurinta. 'Yarki Kamila tana ta fama da littattafai. Ni kuwa furfura ta gama da gemu, amma ƙarfin yana nan. Zafin garin ya fara sauka, yanzu mutum yana iya taɓa sitiyari da rana ba tare da ya nemi tsumma ba.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya kamar yadda muka saba. Dalili ɗaya ne, kuma kin san shi. In na kira ki, kafin in kai rabin zance kin katse ni da labarin wanda ya haihu da wanda ya yi tafiya, mu rabu ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Wannan labari kuwa ina so ki ji shi daga farko har ƙarshe, don da hannunki a ciki. Saboda haka ki ɗauko tabaran nan da kike ɓoyewa in an yi baƙi, ki samu inuwa, ki karanta a hankali.

Kin tuna kwalbar turaren wuta da kika aiko mini ta hannun Hajiya Ikilima, kwalbar da kika ce haɗin marigayiya kakarmu Gogo ne kika yi, na hawi da kajiji da farce, kamar yadda ta koya a wurin matan Barno tun muna Nguru? To wannan kwalba ta kusa raba ni da aikina, ta kuma kusa dawo miki da mu gida da akwatunanmu. In kin ji an ce turarenki ya shiga tsakanin manyan ƙasashen duniya, kada ki ce ƙarya ake yi miki.

Kin san na daɗe ina jan babbar mota a kamfanin dakon kaya da yake riƙe da iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar nan. Bara sai aka ware mu 'yan kaɗan aka ce an buɗe sabon sashe, aka ba ni shugabancinsa. Aka kawo mana motoci masu sanyi a ciki, waɗanda ba sa jijjiga kaya ko a kan gargada, aka koya mana yadda ake ɗaukar akwati ba tare da an karkata shi ba. Aikinmu shi ne mu ɗauko wasu na'urori daga filin jirgi mu kai su wani ƙaton gini da aka yi can gaba da Birnin Masana'antu na Biyu. Ginin ba taga ko ɗaya, cikinsa sanyi kamar firij, kuma ba don mutane aka yi shi ba. Mu dai gidan na'urori muke ce masa.

Ban gane kan abin ba sai da Kamila ta zaunar da ni. Ta zaro katin bankina ta nuna mini ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinariya, ta ce abin da ke cikinsa shi ake kira cip, shi ne ƙwaƙwalwar kowace na'ura. Ta ce na katin nan jariri ne, waɗanda za mu ɗauko su ne manyan. In aka jera su da yawa a ɗaki ɗaya aka ba su wuta da sanyi, sai su yi ta karanta rubutun duniya har su iya amsa tambaya, su fassara magana, su duba hoton ƙirjin mara lafiya su faɗi abin da suka gani. Wannan shi ne ƙirƙirarriyar basirar da kike ji a rediyo. Rabin bayanin da Larabci ta yi shi, don kin san Hausar 'yarki. Har ta gwada mini a wayarta, ta yi wa abin tambaya da Hausa, ya ba ta amsa a karkace. Ta ce in ta gama karatu ita za ta gyara masa harshe. Na ce ta fara gyara nata tukuna, ta yi fushi, uwarta ta goyi bayanta.

Matsalar ita ce manyan ƙwaƙwalen nan ba a sayensu kamar yadda ake sayen janareto. Amurka ce ke da iko da mafi kyawunsu, kuma ba ta barin su fita sai da izininta, ko da mai saye ya zo da kuɗinsa a hannu. Tsoronta kada su bi ta bayan gida su faɗa hannun Sin, don ƙasashen biyu tsere suke yi a kan wannan basira, kowa yana ganin wanda ya riga shi ne zai riƙe ragamar gobe, daga kasuwa har fagen yaƙi. Sin ma ba ta zauna ba, tana ƙoƙarin ƙera nata. Su kuma mutanen nan da muke zaune a ƙasarsu suna da kuɗi da fili da wutar lantarki, suna so a yi da su, kuma ba sa son ɓata da kowa. Ni yadda na fahimce shi, kamar mai sayar da irin shuka ne da zai ce zai sayar maka, amma sai ya bi ka har gona ya ga inda ka shuka, ya kuma tabbatar ba ka ɗiba wa maƙwabci ba. Raina bai so tsarin ba, Yaya, amma ba wanda ya tambaye ni.

Haka muka zauna wata da watanni muna jiran izini. Kullum mu zo da safe, mu goge motocin da ba su je ko'ina ba, mu sha shayi, mu tashi. Yau a ce an kusa, gobe a ce an sake sabuwar doka. Daga baya mudir ɗinmu, wato manaja, wani Balarabe mai suna Abu Nawwaf, ya tara mu ya faɗa mana gaskiya. Ya ce in kayan ba su zo ba za a rufe sashen, kuma tsofaffin gurabenmu an riga an cike su, don haka ba za a sabunta wa kowa iƙama ba. Tawa kuwa ta kusa ƙarewa. Ni ban damu da kaina ba, in na dawo ba zan rasa tuwo a gidanki ba. Kamila ce ta tsaya mini a rai. Zamanta a ƙasar nan a jikin takardata yake rataye, tana ajin ƙarshe, malamarta ta riga ta nema mata gurbi a makarantar koyon ilimin kwamfuta. In aka buga mini fita ta dindindin, wadda a nan ake ce wa huruj niha'i, da ita za a buga, ta bar karatun a tsakiya, ta zo ƙasar da ba ta sani ba sai a hoto. Ban gaya miki a lokacin ba don na san ba za ki yi barci ba.

Ana cikin wannan hali kwalbarki ta iso. A nan sai na gabatar miki da Buraima, mutumin Maraɗi, wanda ke jan motar ɗaga kaya a sashenmu. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, ya yi dako a kasuwar garinsu tun yana saurayi, ba ya wasa da salla, ba ya kuma iya yin ƙarya ko ta ceton kai. Ɗaki ɗaya suke kwana da Salissou, wani dogon Badamagare da ke taimaka mini a mota, da wasu maza da yawa, kin dai san warin ɗakin maza in ba mace a kusa. Ranar da na zo aiki da ƙamshin turaren a rigata, Buraima ya bi ni yana shinshina kamar wanda ya ji ƙamshin miyar gidansu. Tausayi ya kama ni, washegari na ɗibo masa a 'yar leda. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce ba zai ƙona shi a banza ba, sai ranar farin ciki. Na ɗauka ranar sallah yake nufi.

Sai ga izini ya fito. Ranar da labarin ya zo, Salissou ya yi sujada a kan kwalta, ni kuma na kira Bilƙisu na yi mata albishir. Amma izinin da sharuɗɗa ya zo. Kowane akwati da lambarsa da hatiminsa. Ba mai taɓa shi sai wanda aka san sunansa aka ɗauki hoton yatsunsa. Kuma za a turo wata jami'ar bincike daga Amurka ta ga shigar kayan farko da idonta, ta tabbatar ba inda akwati zai iya sulalewa. Abin da ta rubuta shi zai sa a saki sauran kayan ko a riƙe su. Abu Nawwaf ya yi ta nanata mana cewa kuskure ɗaya ya isa. Ya hana waya, ya hana sigari, ya hana ko da ruwan sha a wurin sauke kaya. Bai ambaci turare ba, don bai taɓa zuwa masa a rai ba.

Ranar da kayan suka iso, da hantsi muka taso daga filin jirgi, motar tsaro a gaba, wata a baya, ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Muka isa, na juya motar na saka bayanta a bakin rumfar sauke kaya. Jami'ar da mudir da injiniyoyi suna can cikin ɗakin sanyi suna jiran a shigo da akwatunan. Buraima ya sauke na farko da na biyu, lafiya lau. Ina tsaye ina duba hatimi sai na ji ƙamshi. Yaya, wallahi ɗakin Gogo na ji. Na ga gadonta na ƙarfe da jeren tasoshinta, na ji muryarta tana cewa a rufe mata ƙofa kada hayaƙin ya gudu. Na waiwaya, sai ga Buraima ya tsuguna a gefen rumfar da ɗan kaskonsa, ya sa gawayin nan mai kamawa da wuri, ya barbaɗa turarenki, yana zagaya akwatunan da shi yana addu'a, fuskarsa fal murna. Ya kamata in daka masa tsawa nan take. Amma na tsaya na ja numfashi sau ɗaya tukuna, don na yi kewar tsohuwar nan ƙwarai.

Wannan numfashi ɗaya shi ne ya ishi ginin. Ashe akwai wasu siraran bututu a rufin da ke zuƙar iska dare da rana suna neman hayaƙi, kuma hancinsu ya fi na kowa. Jiniya ta ɗauka, jajayen fitilu suka kama walƙiya, wata murya ta dinga cewa da Larabci da Turanci kowa ya bar abin da ke hannunsa ya fita. Mutane suka yi ta ɓullowa daga ƙofofi suna nufar filin ajiye motoci. Doka ta ce mu ma mu bi su. Amma ga akwati biyu a ƙasa, ga bayan mota a buɗe, ga ƙofar rumfa a wangale, jama'a suna wucewa a guje. Buraima bai yi shawara da kowa ba. Ya kife kaskon a cikin bokitin yashi, ya je ya zauna daram a gaban akwatunan ya baza hannuwa a kansu, kamar yadda ɗan dako ke yi in an yi ihu a kasuwa. Salissou ya ja ƙofar motar ya rufe, ya jingina bayansa da ita. Ni kuma na zare makulli na sa a aljihu na tsaya tsakaninsu. Masu gadi suna ta ɗaga mana hannu suna cewa yalla, yalla, ko motsi ba mu yi ba. Cikin ɗan lokaci kaɗan mun karya doka biyu.

Da aka tabbatar ba wuta, aka kashe jiniyar, sai ga Abu Nawwaf ya nufo mu, fuskarsa ta yi ja, gyalen kansa ya karkace. Jami'ar tana biye da shi, wata doguwar mata mai furfura, sanye da rigar ulu saboda sanyin ciki, ga ta yanzu an tsayar da ita a rana. Na ce a raina shi ke nan, Kamila ta gama karatu. Mudir ya buɗe baki zai fara, sai ƙamshin ya dake shi. Ya tsaya, ya shaƙa, ya sake shaƙa. Kin san mutanen nan da turare, ba abin da suke girmamawa kamarsa. Ya tambaya a hankali ko na wane ne wannan, don bai taɓa jin irinsa ba. Na ce na yayata ne, daga Nijeriya. Ya gyaɗa kai kamar mai cewa za mu dawo kan wannan, sannan ya tuna da fushinsa ya ci gaba da shi. Ya wanke mu tas, kuma bai faɗi abin da ba mu cancanta ba.

Ita jami'ar kuwa ta bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya tana duba lamba da hatimi, ta sa na buɗe motar ta shiga ta duba na ciki, sannan ta tafi ɗakin masu tsaro ta kalli abin da kyamara ta ɗauka. Da ta dawo ta sa mudir ya tambayi Buraima me ya hana shi gudu. Buraima ya ce kayan amana ne a hannunsa, kuma a inda ya tashi in aka yi hayaniya lokacin ne kaya ke ɓata. Ya ƙara da cewa shi bai ji tsoron wutar ba, tunda shi ya kunna ta ya san girmanta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta sake tambaya me ya sa ya kunna. Ya ce a wurinmu in baƙon da aka daɗe ana jira ya iso, ko an shiga sabon gida, sai a yi turare a yi addu'a. Sai ta tambaya ko ita ce baƙuwar. Wani mai wayo da ya ce e. Buraima ya ce a'a, akwatunan yake nufi, shi bai ma san da zuwanta ba, amma tunda ta zo ita ma tana ciki. Matar ta juya mana baya, na ga kafaɗunta suna rawa don dariya. Abu Nawwaf ya dafe goshi ya ce a al'adarsu su, sai baƙo ya gama cin abinci ake zagayo da turare, alamar zama ya ƙare ke nan, don haka Buraima ya sallami kowa da kowa daga ginin cikin ladabi, kuma kowa ya amsa.

Dariya dai an yi ta, amma dariya ba ta sabunta iƙama. Muka shigar da kayan, matar ta tafi ba ta faɗa wa kowa abin da za ta rubuta ba. Mudir ya ce shi ma bai sani ba, mu je mu yi ta addu'a. Kwanakin da suka biyo baya ba na so in sake ganin irinsu. Buraima ya daina cin abinci tare da mu, yana ganin shi ya kashe wa kowa kasuwa, sai da na je na janyo shi da hannu zuwa kan tire. A gida na lura Bilƙisu ta fara ware kayan da za a iya bayarwa, tana yi a ɓoye don kada yarinyar ta gani. Ita kuwa ta gani. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma zarge ni ba. Ta dai tambaye ni wata rana bayan la'asar ko a Haɗejiya akwai makarantar da za ta karɓe ta a tsakiyar shekara, ko sai ta sake aji. Na ce mata akwai, ban san ko akwai ba. Tambayar nan ta fi mini zafi a kan faɗan mudir.

Wata ranar Lahadi, wadda ita ce farkon mako a nan, Abu Nawwaf ya aiko a kira mu mu uku. Muka shiga ofishinsa kamar masu zuwa karɓar gawa. Ya bar mu a tsaye ya gama shan gahawarsa, don shi ma yana da tasa muguntar. Sannan ya ce an saki sauran kayan, jirgi na biyu yana hanya. Ya ce abin da matar ta rubuta, a taƙaice, shi ne na'urar gano hayaƙin ginin tana aiki fiye da yadda ake bukata, kuma ko a cikin rikici kayan ba su bar hannun waɗanda aka damƙa wa ba. Ta kuma rubuta cewa ma'aikatan suna bukatar a sake koya musu dokar gobara, don ba akwatin da ya kai ran mutum, kuma na yarda da ita a kan wannan. Hukuncinmu ke nan, muka koma aji muna kallon yadda ake gudu. Shi kuwa Buraima an ƙara masa da wani. Yanzu duk ranar sauke kaya shi ke tsayawa a ƙofa yana laluba aljihun kowa don kada a shiga da ashana, kuma ba a taɓa samun mai tsanani irinsa ba, har mudir sai ya juye aljihu. A makon nan aka sabunta mana iƙama, tawa da ta Bilƙisu da ta Kamila. Na yi farin cikin da ban yi irinsa ba tun ranar da aka haifi yarinyar nan.

Saura labarin turarenki. Ranar da abin ya faru, kafin matar ta shiga mota, na yi ƙarfin hali na miƙa mata ragowar da ke cikin ledar Buraima. Ta ƙi karɓa, ta ce aikinta ya hana ta karɓar ko da alawa daga wurin da take bincike, na kuma ga girmanta a kan haka. Amma ta manta da rigar ulun da ke jikinta, kuma kin fi kowa sanin yadda haɗin Gogo yake kama tufa. Mudir ya ce da ta aiko masa da saƙon aiki daga baya, ta ƙara layi ɗaya a ƙasa, cewa har yanzu akwatin kayanta yana ƙamshi, kuma mahaifiyarta ta hana a wanke rigar. To kin ji. Su sai da aka yi wata da watanni ana sa hannu kafin kayansu su fito, naki kuwa ya shiga ƙasarsu ba wanda ya tambaye shi takarda. Wani injiniya ma ya rantse mini cewa ɗakin sanyin ya yi kwanaki yana ɗan ƙamshi kafin a canza matatar iska. Ina tuna Gogo, wadda ko rediyo ba ta yarda a kunna mata a ɗaki ba, sai in yi ta murmushi ni kaɗai a mota. Matar Abu Nawwaf kuma ta aiko a tambaya ko kina sayarwa. Na ce sai na ji daga bakinki, don na san halinki da abin Gogo.

Abin da ya fi duk wannan shi ne na ƙarshe. Ranar da na kawo albishir gida, Bilƙisu ta juye ɗan abin da ya rage a kwalbar a kasko, muka zauna mu uku. Kamila tana kallon hayaƙin, sai ta tambaye ni wace irin mace ce Gogo. Kin san ba ta riske ta ba. Na fara ba ta labari, na ga ashe abin da na sani kaɗan ne, ke ce kika zauna kusa da ita kina miƙa mata kajiji. Sai yarinyar ta ce tana so ta zo wurinki in an yi hutun ƙarshen shekara, ki koya mata haɗin da hannunki, ki kuma gyara mata Hausa, don ba za ta iya koya wa na'ura abin da ita ba ta da shi ba. Ban sa ta ba, ita ta faɗa da bakinta. Don haka ba zan aiko miki da kwalbar ta hannun kowa ba. Ta wanke ta ta ajiye a cikin kayanta, ita za ta kawo miki ki cika. Watannin nan duka ina tsoron ranar da zan kawo miki ita da hatimin fita ta dindindin a fasfonta. Ga shi za ta zo ɗin, amma da takardar da ake ce wa huruj wa auda, wato fita da dawowa. Ki riƙe ta iya hutun, ki ciyar da ita, ki yi mata faɗa in ta yi miki Larabci, sannan ki sako mini ita a jirgi, makarantarta tana jiranta.

Ki gaishe mini da Malam Dalhatu da kyau, ki ce ina nan ina neman masa man zafin da ya ce. Ki gaida Rabilu, ki ce ya dage da karatu, ƙanwarsa tana zuwa da tambayoyin da za su ba shi kunya. Ki gaida Shafa'atu da jaririnta, Allah ya raya shi. Ki yi wa Hajiya Ikilima godiya ta musamman, ki gaya mata abin da ta ɗauko a jakarta ba ta sani ba. Bilƙisu tana gaishe ki, Kamila ta ce a ce wa Gwaggo tana zuwa. Buraima ma ya ce lallai in isar da gaisuwarsa ga mai turare, ya ce ki yafe masa, amma in za a sake haɗawa kada a manta da shi. In kin je ziyara, ki yi wa Gogo addu'a a madadina. Allah ya jiƙanta, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanenki da har yanzu yake tsoron muryarki,
Nu'uman.